Jan Furen Ƙofar Inna

Shekarun baya, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi, aka ba ni gidan da wani Bature ya tashi. Ya bar shingen wani jan fure mai tsayawa zangarniya-zangarniya. Nan na koyi cewa idan furen ya fara tsufa ana datse shi, sai ya sake tohowa fiye da dā. Da na iya wannan, kaina ya kumbura, ina yawo da almakashi a aljihu kamar wanzami.

Da damina na kai wa mahaifiyata dashe a ƙauyenmu, kusa da Ɗan Kassari. A lokacin yanar ido ta fara rufe mata idanu, kullum ganinta raguwa yake.

"Ana miya da shi?" ta tambaye ni.

"A'a, Inna, kallo kawai."

"To, Mushe, aikin boko ke nan," ta ce tana dariya, don haka ake kiran malaman lakwal a wajenmu.

Amma ta riƙe shi. A bakin ƙofar ɗakinta na jera shi, da ruwan alwalarta take ba shi, ya kama ya yi jawur.

Da na dawo hutu bayan kaka, na tarar ya yi tsayi, ƙasan zangarniyar ya fara bushewa. Inna ta tafi barkar haihuwa maƙwabta. Ban tambayi kowa ba, na zaro almakashi na aske shi tas, daidai gwiwa. Ina tsaye ina yaba aikina ƙanwata ta shigo da ita. Ta tsaya tsakar gida tana juya kai.

"Ina ƙohwata?"

"Ga ta gabanki, Inna. Gyara na yi wa furannin, za su fito fiye da dā."



"Su ɗai ni ka gani cikin gidan ga," ta ce. "Jan nan nasu. Amma ba komi, tunda gyara ne."

Ban yi ƙarya ba, sun fito. Da na sake zuwa, shingen ya cika maƙil, har masu wucewa na leƙowa. Sai dai yanar ta riga ta gama rufewa. Na kama hannunta na ɗora a kai, ta shafa a hankali.

"Sun yi yawa kuwa. Har yanzu ja ne?"

"Ja ne, Inna."

Ba ta taɓa yi mini gori ba har ta rasu, wannan ya fi ci mini rai. Datsewar daidai ce, ko yau haka ake yi. Abin da ban sani ba, furen yana da lokacin jira, idanunta ne ba su da shi. 'Yan makonnin da suka rage mata na gani, kututture na bar mata ta kalla.