Mai Lauje a Bakin Shinge

Kafin rana ta ɗaga Mai Lauje ya wasa laujensa, ya naɗe ƙafar wando, ya nufi fadama. Amma yanzu iyakarsa bakin shingen waya. Nan yake wuni yana kai-komo, yana leƙen hanyar ruwa kamar uban da aka kwantar da ɗansa a asibiti aka hana shi shiga.

Ga wanda bai sani ba, ciyawar kachala ce ta taɓa toshe mana hanyar ruwan nan. Kifi ya ɓace, tsuntsaye suka ƙaura, gonakinmu suka tsattsage. Mu da wayonmu muka riƙa cinna mata wuta, ashe taki muke ba ta. Shi kuwa shiga yake yi har ƙirji, yana yankanta ta ƙarƙashin ruwa don gindin ya shaƙe ya ruɓe. Muka yi ta yi masa dariya. Matarsa ma cewa take ko kwaɗo ya fi shi zaman gida. Matsattsaku suka sha jininsa, tsargiya ta kwantar da shi, ya tashi ya koma.

Kai ne ka dawo mana da ruwa, Mai Lauje. Masunta shaida ne, mu masu noman rani shaida ne.

Da fadama ta farfaɗo sai hukuma ta zo, wai ta sa hannu a yarjejeniya da ƙasashen duniya za a kare fadamar. Madalla. Aka kafa allo, aka ja waya, aka ce ba mai shiga da abu mai kaifi. Ya roƙi mai gadi, mai gadi ya ce doka ce.

"Ɗana," in ji Mai Lauje, "ita ciyawar ba ta san an sa hannu ba."

Ga ta can ta fara tsirowa. In ruwa ya janye kafin a yanke ta, wahalar shekarunsa ta tafi a banza, mu ma mun tafi.

Ni ban yi boko ba, amma na san zalunci in na gan shi. Ku buɗe masa ƙofa. Samari kuma ku bi shi ku koya tun ƙafafunsa na ɗaukarsa.

Mun gode, gwarzon fadama, Allah ya saka. Gobe mu matan unguwa za mu raka ka, tare za mu shiga. In mai gadi zai yi kamu, ya fara da ni, na girmi uwarsa.