Ranar da wayar iska ta ƙone a hannuna

Wata biyu ke nan, amma har yanzu in na ji ƙaurin roba sai gabana ya faɗi.

Ina gama sakandare aka ɗauke ni akawu a ofishin kwastan na bakin iyakar Dahome, gaba da Lolo. Ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba. Ni kaɗai ce mace, ni kuma aka damƙa wa wayar iska, na'urar da muke kiran babban ofishinmu na Bagudo da ita. Batirin mota ke ba ta wuta, amma ƙarfinsa bai isa ba, sai wutar ta bi ta wani ɗan akwati mai kuka kamar zanzaro, shi ke ɗaga ta. A jikinsa akwai allura, da jan layi, da maɓalli. Batir na yin rauni, ina murɗa maɓallin sama kaɗan-kaɗan, allura ta zauna a layi. In an kawo mai sabon caji, dole a mai da maɓallin ƙasa tukuna kafin a haɗa.

Ranar kasuwar Lolo batir ya kusa mutuwa, maɓalli na can ƙarshen sama. Na fita sallar azahar. Na dawo na iske hayaƙi, sabon batir a haɗe, ƙwayayen fitilun cikin wayar duk sun ƙone. Yinin nan jakuna suka yi ta wucewa da kayan fasa-ƙwauri, ba halin kiran Bagudo a turo mutane.

Shugabanmu ya rufe ƙofa, ya ce, "Malama, wa kika sani a tsallaken iyaka?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"Mahaifiyarki ba daga can take ba?"

Daga can take. In ya rubuta haka, aikina ya tafi, wataƙila har da 'yan doka.

Direban ofis ne ya haɗa batirin, kuma bai yi musu ba. "Taimako niy yi! Na ji abin na shure-shure, nis sa mai sabo. Mota ma ba hakanan aka yi mata ba?" Ya yiwu gaskiyarsa ce. To amma mutumin da bai taɓa leƙa ɗakin nan ba, sai ranar kasuwa, sai sa'ad da na kabbara? Da safe kuma na gan shi yana shan fura da masu jakuna. Ko da yake kowa ma yana sha da su.

Bakanike ya zo daga Sakkwato, ya duba, ya yi dariya. Ya ce a gari an fara kawo akwatunan da ke duba wutarsu da kansu, su rage, su ƙara. "Nan kuwa ke ce mai duba wutar, ƙanwata, sai kika tafi salla." Ya rubuta cewa ba hannuna.

Ba a kore ni ba. An dai karɓe makullin ɗakin, aka mai da ni wajen takardu. Kullum direban ke wucewa ta tagata ya ce, "Malama, an tashi lahiya?" Ina amsawa. Hannuwansa nake kallo.