Ranar da Mai Ƙidaya Ta Tambayi Auren Iyayena

Shekarun baya, lokacin ƙidayar jama'a, wata ma'aikaciya ta shigo gidan hayarmu a Nima. Ina zaune ina tsince wake, don Mma, mahaifiyata, waakye take sayarwa a bakin titi, wato dafa-dukan shinkafa da wake. Matar ta tambayi mahaifina ko yana da aure. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Na sake ta tuntuni."

Mma daga bakin murhu ta ce, "Ei, Alhaji, ka ji tsoron Allah! Rubuta aure, ɗiyata."

Ni kuwa na saki baki galala. Gandamemiyar budurwa da ni, ban taɓa jin wannan zancen ba. Ɗakinsu ɗaya, labule a tsakani, ni duk zatona kunyar yara ce.

Ma'aikaciyar ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta yi rubutunta ta fice. Har yau ban san me ta rubuta ba.

Ƙanwar Mma ce ta warware mini, in ma warwara ce. Wai tun ina goye Baba ya furta saki cikin fushi, Mma ta zauna idda a ɗakin. Kafin iddar ta cika Sallah ta zo, ya kawo mata atamfa, ya kira ta "matata" gaban maƙwabta. Wani malami ya ce ai ya yi kome ke nan, wani ya ce sai da niyya. Baba kuwa in aka tambaye shi niyyarsa, sai ya ɗauki buta. Ɗaki a Nima kuma ba a samunsa da wasa, kowa ya zauna inda yake.

Shi ya sa in na ji masana suna gardama ko mutuwar aure ta ƙaru a ƙasar nan ko ta ragu, kaina ɗaurewa yake. A wane gefe aka lissafa mu? Mu a unguwannin Zongo irin su Nima, aure da saki a gaban malam suke ƙarewa, kotu ba ta da labari. Wallahi abin yana damuna.

Ranar da Baba ya rasu, danginsa suka hau ƙus-ƙus: Mma za ta yi takaba ko ba za ta yi ba? Aka turo ni in tambaye ta. Na tarar har ta cire 'yan kunnenta, ta lulluɓa ta zauna a tabarma.

Ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Ki ce musu na fara. Wanda bai yarda ba ya je ya tambaye shi."