Kajin da Kawu Ari Ya Bari

Duk wanda ya taɓa zuwa gaida Kawu Ari da safe ya san ba a samun amsa da wuri. Ka yi sallama, ka tarar da shi tsugune a bakin akurki, yana fiddo kaji ɗaya bayan ɗaya, yana juya kansu a rana yana duba zanko, jan naman nan na bisa kai. Sai ya saki ta ƙarshe sannan ya ɗago ya ce, "Af, kai ne? Ina kwana." Ni Modu ɗan ƙanwarsa ne, na sha wannan tsayuwa har furfura ta fito mini. Liman ma ya sha ta.

Karatunsa a kan zanko ba shi da tsawo. In ja ne, lafiya lau. In ya koɗe ya yi fari, wani abu ke shan jinin kazar, ko tsutsar ciki ko ƙuma. In kuwa ya yi duhu kamar hanta, kazar ta saki fukafukai, to ciwon nan ne mai share kajin unguwa kaf. Na faɗi wannan ne don kajin nan su ne duk abin da ya bar wa matarsa, Ya Falmata. Gona ruwa ya cinye ta, ɗa namiji babu. Da ƙwansu take sayen gero da sabulu, kuma kun san ta, ba ta karɓar kwano daga hannun kowa. Bayan rasuwarsa saura kaɗan su tafi duka. Amma bari in fara da shi kansa.

Kawu bai taɓa sayen kaza a kasuwa ba, kuma bai taɓa fashin kasuwar Talata ba. Zuwa yake ya duba na mutane. Masu kaji in sun hango hularsa sai su fara rufe kejinsu da buhu. Wata rana ina tare da shi, wani dillali yana tallar zakara, zanko ja wur, har wata hajiya ta miƙa hannu za ta karɓa. Kawu ya sa kai ya ce, "Bari in ga kansa." Ya lashi babban yatsa, ya goga a zankon, ya kai baki. Ya sake gogawa ya sake lasa.

"Tattasai ne," ya ce, "da man gyaɗa. Na garin Chetimari ma, mai kyau."

Ashe zankon fari ne fat, an shafe shi da garin tattasai. Hajiya ta janye hannunta ta yi gaba.

Dillali ya ce, "Haba Baba, ka bar ni in ci abinci mana."

"Ci mana, wa ya hana ka? Ga shi ka riga ka sa masa yaji, wuta kawai ta rage."

In ya dawo daga kasuwar, a ƙofar gida yake tuɓe takalmi ya wanke ƙafa, don a cewarsa ciwon kaji a tafin takalmi yake yawo. Dokar kuma ba tasa ba ce shi kaɗai. Lokacin da dattawa suka zo daga Maine-Soroa neman auren 'yarsa Hadiza, da manyan riguna da ƙaton zakara na gaisuwa, a ƙofa ya tare su da buta. Suka wanke ƙafa suna kallon juna. Ya karɓi zakaran, ya zaga bayan gida, ya kife shi da kwando nesa da nasa.

Babbansu ya ce, "Malam Ari, zakaran girmamawa ne fa."

"Na gani, na gode. Amma ban san da wa ya kwana ba."

"To sai yaushe zai fito?"

"Sai na ga halinsa. Yaron naku ma, da akwai kwandon da zai rufe shi, haka zan yi masa."

An ɗaura auren. Har amarya ta bar gidan, zakaran bai fito daga kwandon ba.

Shekarar da Komadugu ta cika ta shigo garinmu na bakin gulbi, wadda ta sa muka dawo cikin Diffa, ni na je kwaso su da jirgin aro. Jirgin ƙarami ne. Bayan su biyu da buhun gero, wuri ɗaya ya rage, ko na kwandunan kaji ko na katifar Ya Falmata, sabuwa, ko ledarta ba a cire ba. Kawu ya jera kwandunansa ya zauna.

Na ce, "Kawu, katifar fa?"

"Tana ƙwai?"

"A'a."

"To tuƙa."

Ya Falmata ba ta buɗe baki ba sai da muka kai tudu. Abin da ta gaya masa da Barbarci ba zan rubuta ba.

Ciwon ajalin Kawu bai yi tsawo ba. Gida ya cika da masu ta'aziyya, kowa da takalminsa har bakin akurki, ba mai fuskar da zai tare su. Wasu ma da kajin kasuwa suka zo don abincin sadaka. Ya Falmata ta shiga takaba, ba wanda ya tuna da sharar akurki. Da mutane suka watse sai ga aike daga gare ta: in zo, zankon babban zakara ya yi baƙi.

Na bar injin ban-ruwan da nake gyara wa wani mai tattasai, na hau moto. Na tarar da zakaran a gindin bango ya sunkuyar da kai, zanko da leɓe baƙi ƙirin. Kaji biyu ma sun fara. Maƙwabta sun taru, Bukar mahauci har ya zo da wuƙarsa.

Ya ce, "Modu, a yanka su duka yanzu, ko nama a samu. Gobe mushe ne. Kuma kar su shafa wa namu."

Ciwon da Kawu ya yi ta gudu ke nan, na ce a raina, ga shi ya shigo ta takalman masu yi masa addu'a. Ina lissafin yadda zan shawo kan tsohuwar nan ta riƙa cin tuwon gidana, sai na ji muryarta daga bayan labule.

"Modu, kawo shi nan."

Na kai shi bakin ƙofa. Ta fiddo hannu, ta juya kansa wajen haske, ta kankare zankon da farce. Baƙin ya ɓare. Ta buɗe tafin hannunta, na duba, sai ga baƙin yana motsi.

"Ƙuma ce," ta ce. "Ta lulluɓe shi ne. Dubi ƙarƙashi, fari ne, jini suka sha. Kashinsu kore ne?"

"A'a, Ya."

"Akwai mai karkace wuya?"

"Babu."

"To gaya wa Bukar ya mai da wuƙarsa. In nama yake so, kasuwa na nan."

Duk da haka na kira likitar dabbobi. Ta zo ta duba ta ce gaskiyar tsohuwa ce, ta ba da hodar akurki, ta ɗiga musu rigakafi a ido. Muka share akurkin, muka ƙone tsohuwar ciyawa, muka zuba toka. Shafa man kaɗanya a zanko don kashe ƙumar kuma aikina ne. Kullum da safe kafin in tafi lambu, ni da gemuna da ciwon bayana, ina tsugune ina shafa wa zakara mai a ka, ina kiyaye idonsa, shi yana sarata.

Zankon ya dawo ja. Kajin sun koma ƙwai. Jiya da na gama shafawa, Ya Falmata ta turo ƙwai biyu ta ƙarƙashin labule. Na ce ta bar su, ta fi ni buƙata.

"Ɗauki," ta ce. "Ba a yi mini aikin banza."

Na ɗauka. Da ɗuminsu.

Allah ya jiƙan Kawu Ari, ya yafe masa kaifin bakinsa, ya yalwata kabarinsa ya haskaka shi. Allah ya ba Ya Falmata haƙuri, ya bar mata abin da take ci da hannunta har ranar da za su sadu. Amin.