Faratan da Ikilima Ta Goge da Hannunta

Duk amaryar da aka yi wa lalle a unguwannin da ke bayan Kusugu, to da wuya ba hannun Ikilima ba ne. 'Yar Sandamu ce, aure ya kawo ta Daura, gidan Hafizu mai sayar da hatsi. Mace ce marar yawan magana, amma in ta kama hannunki, ko atishawa ba ki isa ki yi ba sai ta gama zanenta.

To, zamani ya zo da farcen kanti, wanda ake ginawa da hoda da wani ruwa mai warin tsiya. 'Yan mata suka fara nuna mata hotuna a waya suna cewa, "Anti, kin iya wannan?" Abin ya tsaya mata a rai. Ta je Katsina wajen wata mai shago, ta ɗan kwana biyu tana kallo, ta dawo da hoda da burushi da ƙaton buri.

Sai dai fa a Daura ba a samun hannun gwaji da arha. Farcen nan yana hana ruwan alwala taɓa na Allah, don haka ba mai yarda a saka mata sai tana fashin salla. Ikilima ba ta yi fushi ba. Ta sa aka kawo mata karan dawa, ta yayyanka shi tsawon yatsa, ta riƙa gina farce a kai. Na farko suka fito kamar an mulmula tuwo. Wani ya yi tudu, wani ya bushe kafin ta shafa. Hafizu in ya shigo sai ya toshe hanci ya ce, "Uwargida, yau kuma wane karan ne zai yi aure?" Ita dai ta ci gaba da aikinta. A hankali hannunta ya faɗa, ta gane yawan ruwan da burushi ke so. In ta gama da kara, sai ta jefar ta ɗauki wani. Kara kuwa ba ya salla, shi ya sa bai taɓa neman a cire masa komai ba.

Mutum ta farko da ta miƙa mata hannu ita ce Zaituna, ƙanwar Hafizu, sarkin tsokana. Ƙawarta za ta yi aure a Kongolam ranar Juma'a, ita kuma tana fashi.

"Matar Yaya, ga hannu na ba ki aro," in ji ta. "In kika mai da ni kara, sai na kai ƙararki wajen Inna."

Ikilima ta yi bisimilla ta fara. Kai, aiki ya yi kyau! Farata goma sumul, ruwan hoda mai haske, ba tudu ba kwari. Zaituna ta rasa inda za ta ajiye hannunta don daɗi. Ikilima ta ɗauko waya, sai kuma ta fasa. Ta ce a bari sai ranar biki, in an sa lalle da zobe, hoton ya fi fita. Da shi take so ta fara tallar sabuwar sana'arta.

Ranar Alhamis bayan azahar sai ga Zaituna ta faɗo gidan, ba tsokana ba dariya.

"Matar Yaya, na samu tsarki. Ban zata yau ba ne. Cire min in yi wanka, azahar tana kaina, ga la'asar na tafe."

Sai a nan Ikilima ta tuna da wani abu. A Katsina ta kalli yadda ake sakawa har ta gaji, amma ko sau ɗaya ba ta tsaya ta ga yadda ake cirewa ba. Ta ɗan ja farce ɗaya, Zaituna ta yi ƙara. Abu ya kama kamar da shi aka haife ta.

"Ko in bari sai bayan biki in rama?" Zaituna ta faɗa a hankali, ba ta ko kalle ta ba.

"A'a," in ji Ikilima. "Ba da hannuna ba."

Ta kira matar nan ta Katsina. Ita kuwa ta yi salati, ta ce a goge saman, a jiƙa a ruwan cire janfarce mai ƙarfi, kada a kuskura a ɓanɓare. Hafizu ya bar buhunansa ya hau babur, ya zaga kantuna, ya dawo da 'yan kwalabe. Ba mai ƙarfin ba ne, amma shi aka samu.

Suka zauna a inuwar ɗaki. Ikilima ta kama yatsa ɗaya ta sa abin gogewa a kan aikin da bai taɓa yi mata kyau irin haka ba. Wallahi ya yi mata ciwo. Ta goge, ta jiƙa, ta kankare, ta koma na gaba. Aka kira la'asar, ta tashi ta yi tata, ta dawo. Inuwa ta tsallake tsakar gida ta hau katanga. Farar ƙura ta rufe mata zane, wuyanta ya ƙage.

Rana ta yi ja sosai lokacin da farcen ɗan ƙaramin yatsa ya fita. Zaituna ta ruga banɗaki da bokiti. Ta idar da sallolinta biyu, ba a jima ba ladan ya kira magariba.

Da aka yi magariba Ikilima ta kwaɓa lalle ta ƙunsa mata a faratan, waɗanda suka yi laushi saboda guga. Da shi Zaituna ta je Kongolam.

Yanzu Ikilima ta ƙware, har daga Mai'aduwa ana zuwa wajenta. Amma kafin ta buɗe hoda, kwalbar ruwan cirewa take fara ajiyewa a gaban mace, ta tambaye ta yaushe take sa ran komawa salla. In sabuwar zuwa ta ce a nuna mata hoton aikin da ya fi kowanne kyau, sai Ikilima ta yi murmushi ta ce wannan ba shi da hoto, ita ta goge shi da kanta.