Iyafis ɗin Inna mai kama ƙarya

Ni na jawo wa kaina. Shekarar da autanmu ya tafi Legas sayar da albasa, kunnen Inna ya fara nauyi, sai na sayo mata iyafis, 'yar wayar nan ta saƙalawa a kunne, a kasuwar Yankara don ta riƙa jin saƙon muryar da yake turowa wayata. Duk ranar da na taso daga makarantar da nake koyarwa a Faskari, ina isa gida sai ta miƙo hannu, ko sannu da zuwa babu.

Da sanyi ya shigo, wata ranar Asabar da hantsi, tana zaune kan tabarmar leda cikin suwaita da hijabinta mai santsi, ta sa abin a kunne. Auta yana cewa lafiya lau yake, sai ta zabura ta fizge shi.

"Ya cije ni."

Na ce Inna, waya ce, ba ta da haƙori. Ta sake sawa. Ya kai inda yake cewa yana cin abinci sau uku, ta gyara zama, abu ya sake yi mata ƙas a kunne. Ta ɗora hannu a ƙirji.

"Ƙarya yake mani. Yaron nan ba shi da lafiya."

Shi ke nan fa. Na yi bayani har bakina ya bushe, cewa 'yar wuta ce da ke taruwa a jiki in leda ta gogi sutura kuma fata ta bushe. Ta ce in kai wa 'yan ajina. Don ta ƙure ni, ta sa na ɗauki muryata a wayar ina cewa ba ni na cinye mata ƙuli-ƙulin da ta ɓoye cikin kwalla ba. Ta gyara zama, ta saurara, abin ya cije ta. Abin haushin, ni na cinye. Daga ranar na rasa ta cewa a gidanmu.

Dariya ta ƙare mani da na tarar ta ƙulle kaya a zane, har da garin kuka da daddawa. Matar da ba ta taɓa wuce Kankara ba, ga ciwon gwiwa, wai Legas za ta ta ɗauko ɗanta. Na kira shi ya rantse mata, ta ce rantsuwar ma ta ji cizo. Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni, don na san Inna in ta ce za ta, to za ta.

Washegari na naɗe tabarmar ledar na jefa saman rumbu. Na shimfiɗa mata ta kaba, na sa ta cire hijabin ta yafa zanen atamfa, na mulke mata kunnuwa da hannuwa da man kaɗanya har tana ƙyalli. Tana ta mita wai na mai da ita amarya. Na kunna saƙon. Ta saurara har ƙarshe, ta sa na maimaita sau uku, babu abin da ya taɓa ta. Sai ta tashi ta kwance ƙullin kayan. Ni kuwa na yini ina taƙama.

Bayan kwana biyu na dawo na iske ta sa sanda ta zaƙulo tabarmar ledar. Tana kai, cikin hijabin nan, tana ta murza jiki a kanta da gangan, iyafis a hannu.

Na ce, "Haba Inna, me kuma?"

Ba ta kalle ni ba.

"Na yarda lafiyarshi lau. Amma da yana goye, haka yake ja mani kunne in yana son in waiwayo. Kunna mani."

Na kunna mata. Ban sake taɓa tabarmar ba.