Ranar da Mai Burodi Ya Ja Labule

Da asuba na same shi a durƙushe a ɗakin gashi, yana bin ƙasa da 'yar tsintsiya. Tanderu na ci, kwaɓi ya tashi har yana neman zubowa, amma Douwe Terpstra bai ko kalle shi ba. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofa da buhun fulawa a kafaɗa.

"Mai burodi, ina zan sauke?"

"Tsaya nan, Auke, kar ka motsa. Akwai ɓarɓashi kusa da takalminka."

"Gidan burodi ne fa. Me kake so a samu a ƙasa, zinariya?"

"Bikkel zai shigo."

Bikkel karensa ne, ƙato mai jan gashi. Kare ne a gidan burodi, amma an haramta masa ko ƙwayar alkama.

Tun gashin kaina yana baƙi nake kai wa Douwe fulawa. Aikina ke nan: in ɗauki buhu, in sauke buhu. A wannan aiki mutum yakan koyi cewa surutu ba ya rage wa kaya nauyi. Douwe ya gaji shagon daga ubansa, bai taɓa aure ba, suna zaune da yayarsa Froukje, ita ke sayarwa a gaba, shi yana gashi a baya. Gaskiya burodinsa mai sukari ba shi da na biyu daga nan har garin Sneek. Hannunsa bai taɓa cutar kowa ba. Bakinsa ne ba ya hutawa. Duk abin da ya ji jiya, yau shi ne malaminsa.

A da Bikkel yana cin abincin karnuka na kowa da kowa, a ƙara masa da gefen burodi. Idan Douwe ya hau keke zai kai burodi gonaki, karen na gudu a gefensa, har ya wuce shi ya tsaya yana jiransa a kan gada.

Sai aka yi bikin nuna karnuka a birni, Douwe ya je. A can wani matashi mai gemu ya tsare shi a rumfa, ya gaya masa kare jikan kyarkeci ne, hatsi kuma guba ne a cikinsa. Ya dawo da buhun abincin kare marar hatsi, mai hoton kyarkeci a kan dutse, a ƙasar nan tamu da ko tudu ba mu da shi.

"Yaya, kin taɓa ganin kyarkeci a gonar alkama?" ya tambayi Froukje.

Ta juya buhun, ta gyara tabarau, ta karanta bayansa. "Wake. Wani waken kuma. Dankali. To kai a gonar wake ka gan shi?"

"Ba za ki gane ba."

"Na gane kyarkecinka yana kwana a kujerata da bargo."

Bai ji ba. Ya ce in riƙa haɗo masa buhunan tare da fulawa, na haɗo. Ba a biya ni don in ba da shawara ba. Ya jera su a shago kusa da burodi don sayarwa, ya manna takarda a ƙofa cewa kada kowa ya ba karensa ko gutsure. Mutum ya shigo sayen burodi, sai ya fita da wa'azi. Da hannun dama yana miƙa wa jama'a alkama su kai wa 'ya'yansu, da na hagu yana nuna musu cewa ba ta dace da cikin kare ba. Babu wanda ya ga abin dariya a nan sai Froukje.

Wadda ta fi shan wuya ita ce maƙwabciyarsu Baukje Hiemstra, tsohuwa mai wani ɗan kare kamar dunƙulen auduga. Ran nan ta gutsura masa burodi a bakin shago, Douwe ya fito da fulawa har gwiwar hannu.

"Maƙwabciya, kashe shi kike son yi?"

"Gutsure ne kawai, maƙwabci."

"Da gutsure ake farawa!"

A gaban layin mutane ya yi mata haka. Ta koma gida fuska ja wur, washegari ta sayi buhu. Kafin shekara ta zagayo, rabin karnukan layin sun koma kyarketai. Kowace safiya kuma Douwe yana ajiye kwanon Bikkel a gaban babbar tagar falo, wadda ke kallon titi, yana zuba abincin daga sama don kowa ya ga hoton da ke jikin buhu. Karen ya saba, har ya zama ba ya cin komai sai a wurin.

Aka daɗe a haka. Sannan Bikkel ya daina wuce keke. Daga baya ya daina kamo shi. Yana haki, yana wani tari busasshe, ya kwanta a gefen hanya.

"Karenka ba shi da lafiya," na ce masa.

"Kyarkeci ba ya ɓarnar ƙarfi a banza. Dabara ce."

Maimakon likita, sai ya sayi keke mai akwati a gaba. Aka riƙa ganin jikan kyarkeci zaune cikin akwati kamar magajin gari, mai burodi na tuƙa shi yana zufa.

Wata safiya ina sauke kaya, Bikkel ya taso zai gaishe ni, ƙafafunsa suka lanƙwashe, ya zube kusa da tayar mota. Douwe ya tsaya a kansa ya fara bayani a kan zafin rana. Ana yayyafi a lokacin. Na ajiye buhu, na sunkuci karen, na sa shi a gaban mota.

"In za ka zo, shigo. In bayani za ka yi, yi wa Froukje."

Ya shigo.

Likitar dabbobi a Sneek mace ce marar yawan magana, shi ya sa ta burge ni. Ta aske gefen ƙirjin karen, ta ɗora na'ura, hoton zuciyarsa ya fito. Ta ce zuciyar ta buɗe, ta yi faɗi, bangonta ya yi siriri, ba ta iya matsa jini yadda ya kamata.

Douwe ya ƙura wa hoton ido. "Kamar kwaɓin da ya wuce tashi," ya ce a hankali.

"Kusan haka. Me yake ci?"

Nan ya ɗan miƙe wuya, ya faɗa mata, har da kyarkecin.

Ba ta yi dariya ba. Ta ce masu bincike ba su gama tabbatar da dalili ba, har yanzu ana gardama. Amma an sha ganin wannan ciwo a karnukan da suka daɗe kan abincin da aka cire wa hatsi aka cika shi da wake. Wasu in an canza abinci aka haɗa da magani zuciyar takan farfaɗo, wasu kuwa ba ta farfaɗowa. Ta ba shi ƙwayoyin magani, safe da yamma, ba fashi. Ta faɗi abincin da za a koma, mai shinkafa da sha'ir.

A hanyar dawowa ya ce, "Ka ji da kunnenka, ta ce ba a tabbatar ba."

"Na ji. Ina kuma jin numfashinsa."

Da muka wuce gada, ya juyo gare ni.

"Auke. Sabon abincin, ka juye min shi a buhun fulawa. Ka shigo ta baya."

Haka na yi. Washegari da hantsi na shiga ta baya, na tarar da shi a falo, idanu jajur, bai yi barci ba. Froukje ta bi motar farko zuwa garin Harlingen duba wata ƙawarta, don haka shago a rufe. Matsalar ita ce Bikkel ya ƙi ƙwayar. An sa a nama, ya ci naman ya tofar da ita. An sa a cuku, haka. Abu ɗaya ya ɗaga wa kai yana kaɗa wutsiya: burodi mai sukari da ke kan tebur. Kuma ba zai ci ba sai a gaban taga.

Douwe ya kalli burodin, ya kalli titi. Baukje na share ƙofar gidanta.

"Ba shi kawai," na ce.

"A gabanta?"

Ya tashi ya ja labule.

A garinmu ba a jan labule. Mutumin kirki ba shi da abin ɓoyewa, kowa na wucewa yana ganin abin da ka ci da rana. Labule na gefen taga ne don ado, ana jan sa da rana ne kawai idan akwai gawa a gida. Na gidan Terpstra rabonsa da motsi tun rasuwar tsohuwarsu, ƙura ce ta tashi har muka yi atishawa.

Ya zauna yana murza burodi a kan ƙwaya, tana zamewa. Ni na tafi sauke sauran fulawa. Kafin in gama na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar gaba.

Baukje ce cikin baƙar riga, riƙe da kek. Bayanta maƙwabta sun yi layi, maza sun cire hula. Sun ga shago a rufe, sun ga labule, babu wanda ya ga Froukje tun jiya, ga mai gida da jan ido.

"Maƙwabci, Allah ya ba da haƙuri. Yaushe ta cika?"

Douwe ya ɓoye hannunsa a baya. Na ga ya buɗe baki. Abu biyu ne a gabansa: ya ce burodi zai ba kare, ko ya bar yayarsa a mace. Ya kalli Baukje.

"Ai... abin ya zo ba zato."

Suka shigo. Aka jera kujeru a zagaye yadda aka saba, wata ta shiga kicin ta ɗora kofi. Aka fara yabon marigayiya. Mace mai gaskiya. Ba ta taɓa tauye awo ba. Wani ya ce bakinta dai da kaifi, matarsa ta taka masa ƙafa. Douwe na zaune da dunƙulen burodi a tafin hannu, ya lura kek ɗin daga babban kanti aka sayo shi, na ga abin ya yi masa ciwo, amma ba halin magana. Bikkel na kwance ƙarƙashin taga, cikinsa na hawa da sauka. Lokacin maganin safe ya wuce tuni.

Na raɗa masa, "Karen, Douwe."

"Bari su tafi."

"Ba za su tafi ba. Sun ɗora kofi na biyu."

Sai ƙofa ta buɗe. Froukje ta shigo da jaka da lema, ashe a can Harlingen ta tarar ƙawar tata ta fita unguwa, shi ne ta juyo. Ta dubi labule, ta dubi baƙaƙen riguna.

"Wa ya mutu?"

Kofin Baukje ya faɗi. "Ke!"

Froukje ta ajiye jaka a hankali. Ta juya wajen ƙanenta. "Kai yaro. Me ke hannunka?"

Kafin ya amsa, tarin ya kama Bikkel. Ya yunƙura zai tashi, ya koma ya kwanta, yana jan iska da ƙyar. Douwe bai sake kallon kowa ba. Ya sauka kan gwiwoyinsa, ya buɗe hannu. Karen ya lashe burodin har da ƙwayar, ya lashi tafin.

Baukje ta matso kusa.

"Maƙwabci," in ji Baukje, "burodi ne wannan?"

"Mai sukari."

"Na alkama?"

"Da me kike so in yi shi?" Bai ɗago ba. "Zuciyarsa ce ta lalace. Likita na zargin abincin nan. Ki kai naki a duba shi. Yau."

Froukje ta taka ta yaye labulen da ƙarfi har ƙarfensa ya fizgo daga bango. "Wato ka gwammace ka binne ni da ka ce ka yi kuskure."

"Ban ce kin mutu ba, Yaya. Na ce abin ya zo ba zato."

"To wa ya ce bakina da kaifi? Na san sai wani ya faɗa." Ta yanka kek ɗin ta'aziyyarta, ta ɗanɗana, ta ce ko a mace ba za ta ci wannan ba.

Har yau ban ji Douwe ya ce ya yi kuskure ba. Yanzu ma sabon wa'azi yake yi, wai kare tun fil azal abokin manomi ne, a gindin rumbu ya girma. Wannan ba ya damuna. Abin da na gani shi ne a makon nan ya bi gida-gida da keken akwati, ya kwashe buhunan da ya sayar, ya kai su rumfar baya. Wanda ba shi da mota, Douwe ne ya ɗauki karensa ya kai masa Sneek. Na Baukje an duba, lafiyarsa ƙalau, kuma ba ta bar shi ya manta da zancen gutsure ba.

Bikkel bai koma gudu ba. Likita ta ce zuciyar ta ɗan matse, a ci gaba da magani, a ga abin da hali zai yi.

Bayana ya gaji, na bar aikin buhu a ƙarshen kaka. Ranar da na kai masa fulawa ta ƙarshe, da asuba, ban same shi a ɗakin gashi ba. Ɓarɓashi ko'ina a ƙasa. Yana falo, fitila a kunne, tagar ba labule, duk mai wucewa na kallo. Ya danna ƙwaya a cikin burodi, ya ba karen, ya jira ya haɗiye.

"Mai burodi, ina zan sauke?"

Ya ɗaga min hannu in yi shiru. Sannan ya kwanta a ƙasa, ya ɗora kunnensa a ƙirjin Bikkel.